Tambaya da Amsa: Daga Ina Waƙoƙin Soul Suka Samo Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina ya rasu ya bar mana tsofaffin fayafayai na mawaƙan Amurka irin su Sam Cooke da Aretha Franklin. Ba na jin duk abin da suke faɗa, amma da zarar sun buɗe murya sai tsikar jikina ta tashi. Mene ne asalin wannan salo da ake kira soul, kuma me ya sa yake ratsa zuciya haka? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinki. Abin da kike ji yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihin waƙar.

Kalmar soul a Turanci tana nufin rai ko ruhi, kuma salon ya taso ne a cikin majami'un baƙar fata na Amurka, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. A irin waɗannan majami'u jagora yakan ɗaga murya, jama'a su yi masa amshi da tafi, shi kuma ya riƙa jan kalma ɗaya yana lanƙwasa ta, wani lokaci da kuka, wani lokaci da ihu, har kowa ya jiƙe da gumi. Sa'ad da miliyoyin baƙar fata suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar zuwa birane kamar Chicago da Detroit, suna gudun wariyar launin fata suna kuma neman aiki a masana'antu, sun tafi da wannan salon rera waƙa.

A shekarar 1954 Ray Charles, makahon mawaƙi kuma gwanin piyano, ya ɗauki karin wata waƙar coci ya ɗora mata kalmomin soyayya, ya fitar da "I Got a Woman". Masu ibada da yawa sun fusata, suna ganin ya kai abin ibada gidan rawa. Sam Cooke ma a ƙungiyar waƙar coci ta Soul Stirrers ya yi suna, kuma don gudun ɓacin ran masoyansa, faifansa na farko wanda ba na ibada ba da sunan Dale Cook ya fito, sai dai muryarsa ta tona masa asiri.

Daga nan kamfanoni biyu suka ja ragamar harkar. A Detroit, Berry Gordy ya kafa Motown a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa. Ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, don haka ya tsara kamfanin a kan wannan tsari: masu rubuta waƙa daban, makaɗa daban, har da masu koya wa mawaƙa taku da ladabin tsayuwa gaban jama'a. A nan Marvin Gaye da Stevie Wonder da Diana Ross suka fito. A Memphis kuwa, kamfanin Stax ya zauna a wani tsohon gidan silima, inda makaɗa baƙaƙe da farare suke kiɗa a ɗaki ɗaya a zamanin da ake raba su hatta a wurin cin abinci. Ni kam kiɗan Stax ya fi kwanta mini a rai, domin ba a goge shi ya yi sumul ba. Za ki ji kayan busa suna amsa wa mawaƙi kamar 'yan amshi, ki ji numfashinsa da dushewar muryarsa. Babban tauraronsu, Otis Redding, ya mutu a haɗarin jirgin sama a watan Disamba na 1967 yana da shekara 26 kacal.

Zamanin ya zo daidai da gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata, shi ya sa ko waƙar soyayya ce takan ɗauki nauyin da ya wuce na masoya biyu. Otis Redding ne ya fara rera "Respect" a 1965, a matsayin miji mai neman a girmama shi idan ya dawo gida. Da Aretha Franklin, 'yar wani fitaccen fasto na Detroit, ta sake rera ta a 1967, sai ta zama muryar mata da ta baƙar fata baki ɗaya masu cewa a ba su darajarsu.

Idan wannan faifan yana cikin waɗanda mahaifinki ya bari, ki saurare shi a natse. Matan da ke yi mata amshi 'yan'uwanta ne na jini, Erma da Carolyn, waɗanda suka taso tare da ita suna waƙa a cocin mahaifinsu, kuma ita da kanta take kaɗa piyanon da kike ji a ƙarƙashin muryarta.