Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan "will" da "going to"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina shirin rubuta NECO, amma har yanzu kin kasa gane inda ake sa "will" da inda ake sa "going to", tunda duk "zan" suke nufi, har kina tambaya ko za ki iya riƙe ɗaya ki watsar da ɗaya. Ni Turanci nake koyarwa a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Ringim, kuma kusan kowace shekara sai 'yan aji sun yi mini wannan tambayar. Jadawalin lokutan Turanci (tenses) 12 da wani ɗan'uwa ya kawo miki daidai ne, sai dai haddace shi ba ya raba wannan gardama. Na ga yara da yawa masu rera shi tiryan-tiryan, amma da an ce su rubuta wasiƙa sai komai ya dagule.

Hausa ce ta shagwaɓa mu. "Za" guda ɗaya ta ɗauke mana kusan komai: zan je, za ta zo, za a yi ruwa. Ko tun bara kika ƙulla niyya, ko yanzun nan abin ya faɗo miki a rai, duk "za" ce. Bature kuwa, in zai faɗi abin da bai faru ba tukuna, zaɓin kalmarsa yana nuna inda ya samo maganar. Mu ma ai muna da irin wannan. In Inna ta ce miki "kya gani", kin san ba ɗaya ba ne da "za ki gani". Irin wannan "kya" ɗin ne malaman nahawun Hausa ke kira lokaci na gaba na biyu. To haka nasu yake, illa dai hanyoyinsu sun fi namu yawa.

Ga misali a tsakar gida. Inna ta leƙa randa ta ce ruwa ya ƙare, ke kuma nan take kika miƙe kika ɗauki bokiti. Abin da za ki ce shi ne "I will fetch some", domin a lokacin kika yanke shawara. Amma in tun safe kin tsara cewa bayan la'asar za ki rijiya, sai wata ta tambaye ki shirinki, amsar ita ce "I am going to fetch water in the evening". Niyyar ta riga maganar. Haka kuma in hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, iska ta fara kaɗa zanen shanya, ana ta kwashe hatsi, sai a ce "It is going to rain", saboda ga alama ido na gani. Wanda kuwa yake zaune a majalisa cikin bazara yana hasashen damina, ba hadari ba komai, "I think it will rain early this year" zai ce. Alkawari ma na "will" ne: "I will pay you on Friday".

Akwai hanya ta uku, wato "am", "is" ko "are" da aikatau mai "-ing", da yaranmu ke tsoro don suna ganin ta lokaci mai ci ce kawai. In magana ta wuce niyya, an tsayar da rana, an shirya da wasu, to da ita ake faɗa. Baba ya yi magana da direba, an sa awaki biyu a lissafi, sai a ce "We are going to Maigatari on Thursday". An sa ranar biki, an raba goro: "My sister is getting married after Sallah". Abin da kuma hukuma ta rubuta a jadawali, kamar jarrabawa ko komawa makaranta, a sauƙaƙe ake faɗinsa: "The paper starts at nine".

"Shall" kada ta ɗauke miki hankali. Tsofaffin littattafai sun ce ita ke bin "I" da "we", amma yau an fi jin ta wurin tayin taimako ko shawara, irin "Shall I carry it?", sai takardun doka. Ki dai riƙe "Let's go, shall we?" domin tana fitowa a tambayoyin zaɓi.

Yanzu ga ra'ayina, wanda na san wasu malamai ba za su so shi ba. A jimloli da yawa "will" da "going to" duk sun halatta, kuma ba a nan ɗalibai ke zubar da maki ba. In na zauna da tulin takardun yara da jan biro, abin da nake ta zagayewa daban ne: "I will going", "she will goes", "I will to come", "we going to plant". Bayan "will" aikatau tsirara yake zuwa, ba a ƙara masa komai gaba ko baya. "Going to" kuma ba ta tsayawa sai da "am", "is" ko "are" a gabanta.

Babban ramin kuwa yana bayan "when", "if", "before", "until" da "as soon as". Yaro zai so ya ce idan na gama makaranta zan koyi ɗinki. In ya bi Hausa kalma-kalma sai ya rubuta "When I finished", don "na gama" ta yi masa kama da abin da ya wuce. In kuma ya tuna maganar gaba ake yi, sai ya rubuta "When I will finish". Duka biyun kuskure ne. Daidai shi ne "When I finish school, I will learn tailoring". Dabarar da nake ba yara ita ce su fara faɗin jimlar da Hausa su saurari inda "za" ta faɗo. Muna cewa idan ya zo, kafin ya zo, da zarar ya zo, har ya zo. Babu "za" ko ɗaya, saboda haka babu "will": "if he comes", "before he comes". Amma muna cewa ban san ranar da zai zo ba, ban sani ba ko zai zo. Ga "za" nan, to "will" ma tana nan: "I don't know when he will come". Kin ga "when" ɗin ɗaya ce, aikinta ne ya bambanta, kuma kunnenki na Hausa ya riga ya san bambancin. Masu hana yara Hausa a ajin Turanci ba su san irin makamin da suke ƙwace musu ba.

Sauran hanyoyi biyu, wato "will be" da "will have", ba sa buƙatar dogon bayani. Gobe war haka ina cikin mota: "This time tomorrow I will be travelling". Kafin kaka mun gama ginin: "By harvest time we will have finished the building". Duk inda kika ga "by" da lokaci mai zuwa a tambayar cike gurbi, ki fara duba "will have". In kuma kina ba da labarin abin da wani ya faɗa a baya, "will" takan koma "would": "He said he would come".

Saboda haka kada ki watsar da ko ɗaya. Ki samu bayan littafinki, kowane dare ki rubuta jimla biyar kan gobe: ɗaya niyyar da kika riga kika yi, ɗaya alkawari, ɗaya abin da kika ga alamarsa, ɗaya abin da aka tsayar wa rana, ta ƙarshe kuma ki fara ta da "when" ko "if". Ki haɗa da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ɓangaren cike gurbi. In kin rubuta na farko ki turo, zan duba miki bayan isha'i in Allah ya yarda, don da rana sabis ba ya kamawa sosai a wajenmu. Allah ya ba da sa'a.