Tambaya da Amsa: Kafin a Zare Tsohuwar Kontirola Daga Saba

Wasiƙu uku na ware a wannan makon, dukkansu a kan kontirolar ajiya, wato na'urar da ke tsakanin saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) da fayafan da bayanai ke kwance a kansu. Ta farko ce za ta fi cin lokaci, domin a nan na fi ganin ana tafka asara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da sabar ma'aikatarmu. Tana da fayafai takwas masu juyawa a tsarin RAID 5. Kwana biyun nan ta yi nauyi ƙwarai, ma'aikaci zai ajiye fayil ya zauna yana jira. Mai kawo mana kaya ya ce mu sauya katin kontirola daga mai 6G zuwa mai 12G. Hakan zai magance matsalar? Kuma bayananmu za su tsira?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sa hannu a takardar sayen nan tukuna. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka shi ne "kwana biyun nan". Kontirolar da ta yi shekaru tana ɗauke da aikinku ba za ta wayi gari ta yi muku kaɗan ba. Wani abu ne ya lalace, kuma batir na fara zargi.

RAID 5 tsari ne na haɗa fayafai su yi aiki kamar guda, tare da lissafin kariya da ake dawo da bayanai da shi idan faifai ɗaya ya mutu. A cikinsa, kowane ƙaramin rubutu sai ya jawo aiki huɗu: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafi. Don kada saba ta tsaya jira, kontirola tana da ma'ajiyar wucin gadi a jikinta. Takan karɓi rubutun ta ce wa saba an gama, sannan ta sauke shi kan fayafai daga baya. Idan wuta ta ɗauke a tsakani, abin da ke cikin ma'ajiyar ya tafi, shi ya sa ake haɗa mata ɗan batir da zai riƙe shi. Da zarar ta ga batirin ya mutu, sai ta daina amsawa da wuri, ta jira faifai ya gama rubutu tukuna. Wannan kare ku take yi, amma ma'aikata nauyi kawai za su gani. Na sha buɗe saba in tarar da batirin ya kumbura har ya ɗaga ledar da ke lulluɓe da shi, alhali masu ita sun riga sun fara neman farashin sabuwar saba.

Ka duba da manhajar katin: storcli ga katunan Broadcom MegaRAID, perccli ga Dell PERC, ssacli ga HPE Smart Array. Za ta nuna maka lafiyar batir, da ko wani faifai yana tara kurakurai, da ko ana tsakiyar sake gina wanda ya faɗi. Kowanne daga cikin ukun nan yana iya jawo irin nauyin da ka faɗa.

Batun 6G da 12G kuwa, ba nan gizo ke saƙa ba. Lambobin nan saurin SAS ne, wato layin da ke haɗa kati da faifai, kuma mai 6G yana ɗaukar kusan megabait 600 a sakan. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti da ƙyar yake wuce 250, shi ma idan karatun a jere yake. Idan aikin a warwatse yake, kamar na rumbun bayanai, abin da yake iya yi bai fi aiki ɗari ba a sakan, domin sai allurarsa ta tashi daga nan ta je can. Ka ga hanyar ba ta ma cika ba, balle a ce a faɗaɗa ta.

Akwai lokacin da sauyin ya zama dole. Idan za ku koma SSD, wato fayafai masu sauri da ba sa juyawa, tsohuwar kontirola za ta riƙe musu ƙafa. Idan kuna son manyan fayafai, wasu tsofaffin katuna irin PERC 6/i ba sa ganin abin da ya wuce terabait 2 a faifai guda. Haka idan sabon tsarin aikin da za ku ɗora, irin Windows ko Linux, ya daina zuwa da direban katin, wato manhajar da ke sa ya gane katin. Da yawa daga cikin sababbin katuna kuma sun bar batir, sun koma kafasito, wata 'yar na'ura da ke ba da wutar 'yan daƙiƙu don a kwashe abin da ke ma'ajiyar zuwa filash, wanda ba ya gogewa idan wuta ta ɗauke.

To, bayanai za su tsira? Taswirar RAID, wato wane faifai ne na farko, wane ne na biyu, da girman yankan da ake rarrabawa, a kan fayafan take rubuce. Saboda haka sabon kati daga gida ɗaya yakan iya karanta ta, kamar daga tsohon PERC zuwa sabon PERC da kamfanin ya tabbatar sun dace. Daga Smart Array zuwa MegaRAID kuwa kada ka sa rai, sai dai a gina sabo a dawo da bayanai daga kwafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin ajiya na farko, kuma ka gwada dawo da wasu fayiloli daga cikinsa ka buɗe su da idonka. Ka fitar da cikakken tsarin katin ka adana a wata kwamfuta daban, ka ɗauki hoton gaban sabar, ka sa wa kowane faifai lambar gurbinsa. Ka ɗora direban sabon katin tun tsohon yana ciki, in ba haka ba sabar na iya ƙin tashi. Ka duba bakin wayoyi, domin katunan 6G galibi SFF-8087 suke amfani da shi, na 12G kuma SFF-8643. Idan an kulle fayafan da mabuɗin sirri a kan kontirola, ka tabbata kalmar tana hannunka. Sannan ka kashe sabar ta hanyar da ta dace, don ma'ajiyar wucin gadi ta sauke duk abin da ke cikinta. Abin da ya rage a tsohon kati ba zai biyo ka sabo ba.

Da ka kunna, sabon katin, idan PERC ne ko MegaRAID, zai ce ya ga "Foreign Configuration", ya ba ka zaɓi biyu: "Import" da "Clear". Na farkon za ka zaɓa. An taɓa kirana da tsakar dare wata ma'aikata, na tarar da wani matashi zaune gaban saba, hannunsa na rawa, fayafai shida duk kati yana nuna su a matsayin sababbi. Ya ɗauka "Clear" saƙon gargaɗin zai share, ashe taswirar ya goge. Abin da ya cece shi hoton allon tsohon katin da ya ɗauka da wayarsa da yamma. Da hoton muka sake tsara fayafan a jerinsu na da, da girman yanka iri ɗaya, muka hana katin yin shara ta farko, wato gogewar da yakan yi wa sabon tsari, bayanan suka bayyana. Da ya bar katin ya fara sharar, da sai dai kwafi. Kuma tunda za ka taɓa sabar, ka yi tunanin RAID 6, wanda ke jure mutuwar faifai biyu. Fayafai takwas da suka tsufa tare, na biyu yana iya faɗuwa ana cikin gina na farko.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya. Ni ce shugabar sashen kwamfuta a wurin aikinmu. Muna da babban akwatin ajiya mai kontirola biyu, sabobi da yawa suna haɗe da shi ta Fibre Channel, wato hanyar sadarwa ta musamman tsakanin sabobi da akwatin ajiya. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce za a sauya duka biyun ba tare da an kashe komai ba. In yarda?

AMSA: Ki yarda Malama, amma da sharaɗi. Yadda ake yi shi ne ɗaya ta karɓi aikin 'yar'uwarta, a zare wadda ta huta a sa sabuwa, a mayar mata da aiki, sannan a juya kan ɗayar. Ke nan akwai lokacin da kontirola guda ke ɗauke da komai. Idan a ranar aiki kowacce tana wuce rabin ƙarfinta, guda ɗaya ba za ta iya ba, don haka ki duba alƙaluman makonnin baya ki zaɓi lokacin da aiki ya lafa.

Inda aka fi samun matsala a ɓangaren sabobi ne. Dole kowace saba ta kasance tana da hanya zuwa kontirola biyun, kuma manhajar sauya hanya tana aiki, MPIO a Windows, multipath a Linux. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ƙirga hanyoyin. Sau da yawa akan samu wata tsohuwar saba da aka haɗa da waya guda aka manta, ita ce za ta faɗi. Ki tambayi injiniyan kamfanin a rubuce ko lambobin WWPN, wato lambobin shaidar bakin haɗin kontirolar, za su canza, domin idan sun canza sai an gyara rabon hanyoyi a kan suwic, na'urar da ke haɗa sabobin da akwatin. Ki tambaye shi makomar lasisin da ke ɗaure da lambar tsohuwar na'ura, da mabuɗan sirri, da wace manhaja za a fara ɗorawa kafin ranar, da kuma yadda za a koma baya idan sabuwar ta ƙi tashi.

TAMBAYA: Malam, ina son ɗora TrueNAS a kan tsohuwar saba mai katin RAID. An ce in cire katin. Me ya sa?

AMSA: Gaskiya aka faɗa maka ɗan'uwa. TrueNAS, manhajar da ke mayar da saba ma'ajiyar fayiloli, da tsarin ajiya na ZFS yake aiki, shi kuma ZFS da kansa yake lissafin kariya yana gyara ɓarna, don haka yana son ganin kowane faifai kai tsaye. Katin RAID yana shiga tsakani, ya ɓoye masa lafiyar fayafan. Ka nemi katin HBA, irin LSI 9300-8i da ke kan yanayin IT, wato yanayin da ba ya yin RAID, aikinsa miƙa fayafai kawai. Kada ka yi dabarar barin katin RAID ɗin ka mayar da kowane faifai RAID 0 (tsarin da ba shi da kariya) shi kaɗai. Katunan nan suna zafi sosai, don an ƙera su ne su zauna inda iska ke ratsawa da ƙarfi, saboda haka idan akwatinka ba irin na saba ba ne, ka ɗaura ƙaramar fanka tana hura kan katin.