Zafin Makka da ruɗewar tsofaffi

Hajiya, kin tambaya ko zafi ne ke sa Baba ruɗewa da rana har ya kasa gane jikokinsa, ko kuwa tsufa ne kawai. Zafi na iya jawo haka, ƙwarai ma. Idan zafin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara nunawa: magana ba kan gado, jiri, wani har suma. Tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri, ruwan jikinsa na ƙarewa bai sani ba.

Mu mazauna Makka mun gani a Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Sauyin yanayi na ƙara tsananta shi, dare ma ba sauƙi, barci ya gagara.

Kakarmu, azahar na yi, muke ajiye mata gorar zamzam kusa da shimfiɗa, mu ɗora mata jiƙaƙƙen tawul a wuya. Ki nuna wa likita magungunan Baba, musamman na hawan jini masu sa fitsari. In ya ruɗe, jikinsa zafi rau, ku kwara masa ruwan sanyi, ku kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya, nan take.