Kar ka saki Auris ɗin nan tukuna

Ɗan uwa, na karanta wasiƙarka. Ka ce kana aikin kula da tsofaffi gida-gida a Ingila, kana hawa Toyota Auris ta 2010, bizarka saura wata 20, yayanka ya matsa wai motar ta zubar maka da aji ka turo masa ita ka sayi Corolla ta 2019, kuma wani ejan ya ce zai samo maka bashin shekara 4 ko da albashinka bai kai ba.

Mu fara da motocin. Auris mai injin fetur 1.6 ƙarfin doki 132 gare ta, ita Corolla 1.8 mai haɗa fetur da batir 122 ne, ka ga a takarda ma tsohuwar ta fi. Inda sabuwar ta yi zarra shi ne cikin gari, tsaya-tafi tsaya-tafi irin aikinka, a nan batir ke ɗaukar nauyi sai shan mai ya ragu sosai, ga birki mai kama kansa in za ka daki wani abu, ga gargaɗi in ka kauce layi. Mota ce mai kyau wallahi, ban raina ta ba. Amma taka ma fetur ce ba dizal ba, ta cika ƙa'idar hayaƙi ta Landan, in tana cin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kuma ba tsatsa a ƙasanta to me ya yi zafi?

Tarkon naka ba injin ba ne, lissafi ne: bashi wata 48, biza wata 20. In kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarka ya rasa lasisin yin hakan, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara, su kuwa masu bashin ba ruwansu da wannan.

Shi kuma ejan, ka guje shi. Ta yaya zai sa albashin da bai kai ba ya kai? Takardar albashi ta bogi zai haɗa, sa hannunka ne a ƙasa ba nasa ba. Na ga waɗanda aka yi wa haka, ejan ya karɓi kasonsa ya canza lamba, aka bar su da zargin zamba daidai lokacin neman takardar zama ta dindindin. Irinsu ne kuma ke saida inshorar ƙarya a WhatsApp, sai 'yan sanda sun tare ka ka gane, a ɗauke motar a zuba maka makin laifi 6 a lasisin tuƙi. Ka duba lambar motarka a askMID, shafin intanet da ke nuna ko mota na da inshora, ka kuma tabbata inshorarka ta haɗa da zirga-zirgar aiki tunda gidajen mutane kake bi.

Batun Yaya, girmansa na nan amma a nan bai kyauta maka ba. Ba ajinka ne ya dame shi ba, motar yake so, kuma ba shi zai riƙa tashi da asuba yana biyan bashin ba. Haƙƙin iyaye daban, sha'awar Yaya daban. Ka faɗa masa cikin ladabi sitiyarin motar a dama yake, sai an juya shi, ga kuɗin jirgi ga kwastan, hidimar za ta iya fin motar tsada.

Ka canza mata mai a kan lokaci, ka riƙa ajiye abin da da za ka biya duk wata. In an sabunta bizar ka sake rubuto min mu duba Corollar.