Sani, ga amsar tambayarka kan kayan ɗura harsashi

Sani ɗana, na saurari saƙon muryarka har sau biyu bayan sallar isha'i. Ban so in ba ka amsa a tsaye a bakin shago ba, giranda na ƙara, yara na kasa kunne. Shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta a natse.

Ka ce ka ga bidiyo a YouTube, wani Ba'amurke a garejin gidansa yana tattara kwanson harsashin da aka riga aka harba yana sake ɗura shi. Ka ce mafarautan garinku suna kukan tsadar harsashi, kai kuma kana da 'yan kuɗin da ka tara a shekara ukun da ka yi a hannuna. Tambayarka ita ce, wane kaya ya kamata mai farawa ya fara saya.

Kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu. Ban kuma faɗi haka don na raina hannunka ba, domin a cikin yaran shagon nan babu wanda ya kai ka tsabtar aiki.

Mutumin da ka gani yana Amurka ne, inda doka ta yarda mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa. Akwai kamfanoni irin su Lee da RCBS da Hornady da ke ƙera masa injin matsa kwanso da sikeli, albarushinsa daga masana'anta yake zuwa da suna da lamba, ga kuma littafin da aka gwada kowane awo a ɗakin gwaji kafin a buga shi. Mu nan dokar makamai ta 1959 ce ke kanmu, kuma ta hana kowa ƙera harsashi ko harhaɗa shi, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji. Mafarauci mai lasisin bindiga ma, lasisinsa bai ba shi izinin ɗura harsashi a ɗaki ba, balle kai da za ka ɗura ka sayar. Hukuncin ɗauri ne mai tsawo, kuma ranar da aka zo kama ka ba kai kaɗai za a ɗauka ba, har da wanda ya koya maka riƙe guduma.

Kana wucewa ta Kakuri, ka san DICON, masana'antar makamai ta gwamnati da ke nan Kaduna. Tun 1964 aka kafa ta, wani kamfanin Jamus mai suna Fritz Werner ne ya gina masana'antar. Nan ne gwamnati ta ajiye wannan aiki, da injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa da sojojin da ke gadinsa. In har zuciyarka ta kwanta da irin wannan sana'a, hanyarta ita ce ka koma makaranta, ka nemi Kaduna Polytechnic ka karanta fannin injiniyan ƙere-ƙere, ka nemi aiki ta ƙofar gaba. Zan taimaka maka da abin da zan iya in ka zaɓi haka.

Bar batun doka ma, mu yi maganar ƙarfe, tunda ita ce tamu. Tayar mota iskar da ake ba ta ba ta wuce 32 zuwa 35 a ma'aunin mai faci. Bindigar farauta in ta tashi, matsin da ke cikin bututunta yakan kai 10,000 a wannan ma'auni, manyan bindigogi kuwa har su haura 50,000. Duk wannan a tafin hannun mutum yake faruwa, kusa da idonsa. Shi ya sa sikelin waɗancan mutane yake rarrabe nauyin da bai kai na ƙwayar shinkafa ɗaya ba. Kai da wane albarushi za ka auna, kuma da wane littafi? Abin da za a kawo maka a leda ba ka san wanda ya haɗa shi ba, ba ka san ƙarfinsa ba.

Ina yaro a maƙerar marigayi maigidana, akwai wani dattijon mafarauci da ke zuwa ana wasa masa adda. Mutum ne mai fara'a, kullum da goro a aljihu yana raba mana. Ya yi wata biyu bai leƙo ba. Ranar da ya dawo, ya miƙo addar da hannun hagu, na dama a naɗe cikin tsumma. Da ya kwance sai na ga babban yatsa da manuni babu, sauran ukun sun ƙanƙance, fatar ta yi baƙi-baƙi da ɗigon albarushi. Wani ne ya ɗura masa harsashi a araha, bindigar ta tsage a hannunsa. Har ya rasu da hagu yake cin tuwo. Shekara talatin ke nan da wani abu, amma har yau in na ji an ce harsashin gida, hannun nan nake gani.

Ga kuma dalma, wadda da ita ake yin ƙwayar harsashi. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Wanda ya shigar da aikin dalma ɗakin da ƙannensa ke rarrafe, ya shigar musu da guba marar wari.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai saya. Ka ce mafarauta. To, harsashi ba ya ɗauke da sunan mai shi. Yau ka sayar wa mai harbin zabo, gobe ya sayar wa wani, jibi yana dajin Birnin Gwari. Mu da muka ga abin da aka yi wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, muka ga 'yan makarantar Kuriga da aka kwashe a 2024, ba mu da bakin cewa ba mu sani ba. Ni ban yarda ko ƙusa ɗaya da ta fita daga hannun yarona ta je can ba.

Amma na gane abin da ya ja ka a bidiyon, domin na san halinka. Teburin nan ne mai tsabta, kowane kaya a wurinsa, mutum yana auna abu har sau biyu kafin ya taɓa shi. Wannan kam ka ɗauka, shi ne ya bambanta maƙeri da mai dukan ƙarfe. Saboda haka bari in faɗa maka abin da za ka yi da kuɗinka.

Fara da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da kake gani ina ajiyewa a cikin akwatinsa ba na barin kowa ya taɓa. Nemi na ƙarfe mai inci 6, wato milimita 150, wanda ke karanta har milimita 0.02. In ka sami Mitutoyo na Japan, ko da na hannu ne, ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, sai dai jabunsa ya yi yawa a kasuwa. In za ka saya, rufe bakinsa ka ɗaga shi sama ka duba ta hasken rana. In haske ya ratsa tsakanin baki biyun, ajiye musu kayansu. Ka duba sifilin sama ya hau kan sifilin ƙasa daidai, ka ja shi ka ji yana tafiya sumul ba ya cijewa ba ya kuma lilo. Mai batir yana da daɗin karantawa, amma na fi so ka fara da mai zane, don idonka ya koyi karatu da kansa. Da wannan ƙaramin abu za ka daina cewa “kamar inci ɗaya ne”. Mai injin niƙa zai kawo maka shaf ɗin da ya cinye, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, ka auna ka gaya masa ainihin lambar boris ɗin da zai saya, ya je sau ɗaya ya dawo. Irin wannan ne ke sa a riƙa neman mutum da suna.

Na biyu bayis, abin nan da ke damƙe ƙarfe a tebur don kada ya motsa. Je tsohuwar Panteka ka nemi tsohon bayis mai nauyi, mai baki inci 5 ko 6, wanda sai ka yi nishi kafin ka ɗaga. Kwance shi har ƙarshe ka duba zaren cikinsa bai cinye ba, ka duba jikinsa ko an taɓa yi masa walda, domin wanda ya taɓa tsagewa zai sake. Ka ɗaure shi a tebur mai ƙafa ta gaske. Rabin munin aikin da kake gani a gari daga ƙarfen da ke rawa ne lokacin da ake yanka shi.

Sai magagari guda uku, mai faɗi da mai zagaye da mai rabin zagaye, kowanne da ƙotarsa. Sai sukwaya ta ƙarfe, zarton ƙarfe, guduma, kurfi da awartaki. Waɗannan ba sai na tsaya a kansu ba, ka san su.

In kuɗi sun rage, sayi kayan yanka zaren ƙusa mai murɗawa na milimita, daga 6 zuwa 12. Riƙe wannan a kanka: ƙusa mai lamba 8 hujinta 6.8 ne, mai lamba 10 hujinta 8.5. Ka sa mai, ka juya gaba kaɗan ka koma baya don tsakin ƙarfen ya karye. Mutane da yawa a garin nan suna jefar da injin lafiyayye saboda zare ɗaya da ya lalace, kuma za su biya ka da murna in ka raya shi.

Giranda da injin walda ka dakata da su tukuna, yi amfani da na shago har ka tsaya da ƙafarka. Amma tabarau da gilashin walda da safar hannu, naka za ka saya tun yanzu, kuma kada in sake ganin ka cire murfin giranda don faifai ya shiga lungu.

Aiki kuwa yana nan jibge. Kaka na zuwa, masu masara za su nemi injin ɓara. Mutanen Kachia suna neman injin yanka citta, masu shinkafa suna neman na casa, ga ƙofofi da tagogi a sababbin unguwannin Rigasa da Millennium City. Duk wanda ya iya awo a cikin waɗannan ba ya kwana da yunwa.

Ranar Asabar bayan azahar ka shirya mu je Panteka tare, ni zan duba maka bayis ɗin. In mun dawo zan yanko maka guntun ƙarfe mai kaurin milimita 10, ka goge shi da magagari kaɗai har ya zama 50 ta kowane gefe, sukwaya ta zauna a kusurwa huɗun ba haske. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ƙofar da ta yi magana tana nan an kusa gamawa.