Digirin Nazarin Afirka a Amurka: me ake nema, kuma za a yafe wa Bahaushiya sharaɗin harshe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Zariya. Na samu gurbin karatu a wata jami'a a Amurka, kuma Nazarin Afirka nake son yi a digirin farko. Da na duba sharuɗɗan sai na ga an haɗa tarihi da adabi da siyasa da harshe wuri guda, kaina ya ɗaure. Me ake buƙata takamaimai? Kuma tunda Hausa na sha a nono, ba za a ɗauke mini sharaɗin harshe ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya albarka a wannan tafiya.

A yawancin jami'o'in Amurka digirin farko shekara huɗu ne, kiredit wajen 120, kowane kwas yana ɗauke da uku ko huɗu. Abin da ke ba ɗalibanmu mamaki shi ne babban fannin da mutum ya zaɓa bai cika cin fiye da kiredit 30 zuwa 40 ba. Sauran na darussan bai-ɗaya ne, irin su rubutu da lissafi da kimiyya, sai kuma waɗanda kika ga dama. Ba kamar a gida ba, inda tun a fom ɗin JAMB ake ɗaure mutum da kwas ɗinsa, a can jami'o'i da yawa suna ba ki zuwa ƙarshen shekara ta biyu kafin ki bayyana fanninki.

A cikin fannin kuwa, tsarin kusan iri ɗaya ne duk inda kika je. Akwai kwas na gabatarwa a kan nahiyar. Sannan a ce ki ɗebo daga ɓangarori biyu: tarihi da adabi da addini da fasaha a gefe guda, siyasa da tattalin arziki da nazarin al'umma a ɗaya gefen. Wani adadi dole ya zama na manyan aji, waɗanda lambarsu kan fara daga 300. A shekarar ƙarshe sai ajin bincike ko kundin kammalawa. Matsakaicin makin da ake nema don kammalawa galibi 2.0 ne cikin 4.0, amma kada ki sa ido a nan. Tallafin karatu yakan nemi sama da haka.

Haɗin gambizar da ya ɗaure miki kai yana da dalili. A wurare da dama Nazarin Afirka ba sashe ba ne mai malamansa na kansa. Shiri ne da ke aro malamai daga sashen tarihi da na harsuna da sauransu. Haka Melville Herskovits, masanin nazarin al'umma, ya kafa na jami'ar Northwestern a 1948, kuma a can sai dai ki haɗa shi da wani babban fannin, ba ya tsayawa shi kaɗai. Jami'ar Wisconsin da ke Madison kuwa tana da cikakken sashe tun 1964. Wannan aron yana da illa a aikace: kwas zai iya kasancewa a rubuce a manhaja amma a shekara biyu ba a koyar da shi ba, saboda malamin ya tafi bincike. In kin ga wanda kike buƙata ya fito, ki kama shi a lokacin. Ki kuma tambaya ko kwas guda zai iya cika sharaɗi biyu, domin kowace jami'a da nata hukuncin.

To, harshe. Abin da aka fi nema shi ne zango huɗu, wato shekara biyu, na harshen da ake amfani da shi a Afirka. Jami'o'i da yawa za su gwada ki, in kin ci su yafe miki. Gwajin yakan haɗa da karatu da rubutu, don haka ki gyara ƙa'idojin rubutunki na Hausa. Haƙƙinki ne ki nema. Amma in shawarata kike so, ki karɓi yafiyar, sannan ki cike gurbin da wani harshen, kada ki mayar da shi hutu.

Ga dalilina. Na taɓa zama da wani ɗalibi Bakano, haziƙi, a shekararsa ta ƙarshe. Yana son rubuta kundi a kan fatauci tsakanin Kano da Gonja da ke arewacin Ghana. Aka buɗe masa hoton wata tsohuwar takarda, tawadar ta koma ruwan ƙasa, gefenta cike da ƙananan rubuce-rubucen masu karatu. Ya gane haruffan, domin ya yi makarantar allo, har ya haɗa baƙi ya furta. Amma Larabci ne, bai san me take cewa ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, kayan kakannina ne, amma sai an yi mini tafinta." Abin ya tsaya mini a rai har yau. An yafe masa harshe tun a shekarar farko, ya yi murna, ga inda ta kai shi.

Tarihin ƙasar Hausa ba da Hausa kaɗai aka rubuta shi ba. A ɗakin karatu na Herskovits da ke Northwestern akwai dubban rubuce-rubucen da Umar Falke, malami kuma falke na Kano, ya tara, mafi yawansu da Larabci, wasu da ajami. Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta da Fulatanci da Larabci da Hausa. In kuma hankalinki ya karkata ga Damagaram ko Maraɗi, takardun zamanin mulkin mallaka da Faransanci suke. Wadda ta shiga da Hausa da Turanci ta ƙara Larabci ko Faransanci ta riga abokan karatunta nisa sosai, domin su daga tushe za su fara koyon harshen Afirka guda ɗaya.

Ki fara tun zangon farko. Matakin farko na harshe yawanci a zangon da ke farawa a Agusta ko Satumba kawai ake buɗe shi, wanda ya kuskure sai ya jira baɗi, kuma zango huɗun a jere suke, ba a tsallake. A makonki na farko ki je wurin mai ba ɗalibai shawara na shirin da takardar sharuɗɗan a hannu, ta shekarar da kika shiga, domin ita za a bi a yi miki hisabi ranar kammalawa. Ku zauna ku shimfiɗa zango takwas ɗin a takarda, ki sa harshen a layin farko.