Filin Amsoshinku: Katun ɗin barkwanci sun lalace ne, ko mu ne muka girma?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan katun ɗin barkwanci na Amurka ne, su Simpsons da Family Guy da sauran danginsu, wasu ma da faɗansu suka zo, to na tsinci waɗanda suka fi kama da juna na haɗa. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah ka raba mana gardama ni da yayana, shi ya dage wai The Simpsons ya mutu tun tuni gawarsa kawai ake ja, ni kuma ina kallon sababbin kuma wallahi ina dariya, sai ya ce wai don ban san na da ba ne shi ya sa. Waye mai gaskiya a cikinmu? Daga wani ƙaninka mai bibiyar wannan fili.

AMSA: To ƙanina, yayanka yana da hujja fa, kar ka raina ta, amma ya zarce. Bari mu bi abin a hankali.

Shi wannan shiri Matt Groening ne ya ƙirƙire shi, ya faro ne a matsayin 'yan gajerun zane a 1987 kafin tashar Fox ta ba shi cikakken fili a ranar 17 ga Disamba 1989, ka ga kenan an haura shekara 35 ana abu ɗaya da iyali ɗaya a gari ɗaya, kuma Bart, yaron gidan, har gobe yana shekara 10. Abin da irin su yayanka ke kira zamanin zinare shi ne wajen zango na 3 zuwa na 8 (zango shi ne jerin fitowar shekara guda, kowace fitowa kuma ita ce kashi), kuma gaskiya in ka zauna ka kalle su da kyau ba za ka ce son zuciya ba ne. A lokacin ɗakin marubutan cike yake da gwanaye, akwai John Swartzwelder wanda shi kaɗai ya rubuta kashi 59, akwai Conan O'Brien da ya rubuta labarin nan na 1993 na ɗan damfarar da ya zo ya sayar wa mutanen Springfield, garin da iyalin ke zaune, jirgin ƙasa na bogi da daɗin baki da waƙa, aka ɗora Homer, uban gidan, a matsayin direba, birki ya ƙi ci, ƙarshe sai da ya jefa ƙugiya ta maƙale a jikin wani ƙaton dunot na talla sannan jirgin ya tsaya.

Amma ni abin da nake ganin ya bambanta na da ba yawan dariyar ba ne. Nemi wani kashi na 1995 ka kalla, inda Homer ya samu ya bar aikin da ya tsana ya koma wanda yake so, sai ga matarsa Marge da cikin 'yarsu Maggie, dole ya koma ya durƙusa ya roƙi tsohon maigidansa Mista Burns, shi kuma don wulaƙanci ya kafa masa allo a gaban teburinsa da ke tuna masa cewa nan zai dawwama, sai Homer ya kwashe hotunan jaririyar ya liƙe a kan haruffan har rubutun ya koma yana cewa ya yi domin ita. Wannan Homer ɗin wawa ne, malalaci ne, amma uba ne kuma kana ganin hakan da idonka. Daga wajen ƙarshen shekarun 1990 sai aka fara mayar da shi wani irin mahaukaci mai mugunta da ba ya jin komai, Flanders da yake maƙwabci mai kirki mai riƙo da addininsa aka matse shi ya zama ba shi da wani hali sai tsattsauran ra'ayi, sai kuma cusa fitattun mutane a labari ba gaira ba dalili don kawai a ce wane ya fito. Da yawa ma suna nuna wani kashi na 1997 da aka ce wai shugaban makaranta Skinner sojan gona ne tun asali, suna cewa daga nan ne marubutan suka fara wasa da hankalin masu kallo. A nan ina bayan yayanka ɗari bisa ɗari.

Inda na rabu da shi shi ne cewa ya mutu. Mafi yawan masu faɗin haka in ka matsa musu za ka tarar rabonsu da kallo ya fi shekara 15, hukuncin da suka yanke tun suna samari shi suke ta maimaitawa. Tun da Matt Selman ya ƙara samun ƙarfi a jagorancin shirin, wajen zango na 33 da 34, an dawo ana kula da labari da halayen mutanen, ana gwada sababbin salo, ba duka ke yin kyau ba amma akwai waɗanda ba za su ji kunya a gaban na da ba. Abin da ba ya gyaruwa shi ne muryoyi, Julie Kavner da ke yin Marge tun 1987 ta haura 70 kuma kunne yana ji, Pamela Hayden mai muryar Milhouse abokin Bart ma ta yi ritaya a 2024. Shawarata ku yi musanya, kai ka kalli zango na 4 gaba ɗaya shi kuma ya kalli na 34 gaba ɗaya, sannan ku rubuto min.

TAMBAYA: Malam ni dai a wajena Family Guy ya fi South Park ban dariya nesa ba kusa ba, amma kullum abokaina sai su ce wai ba ni da zurfin tunani. Meye laifin mutum ya so abin da ke sa shi dariya? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Babu laifi ko kaɗan ɗan'uwa, kuma kar ka bari a mayar da kallon katun jarrabawar hankali. Sai dai in ka ce in zaɓa, South Park na fi girmamawa ta fuskar rubutu, ko da yake akwai abubuwansa da ba na iya kallo.

Family Guy na Seth MacFarlane ya fara a Janairun 1999, kuma makaminsa ɗaya ne, ana cikin magana sai Peter, uban gidan, ya ce wannan ya tuna min lokacin da kaza da kaza, sai a yanke a nuna wani shirme na daƙiƙa 20 a dawo, ko ya faɗi ya riƙe gwiwa yana ta tsuke baki yana nishi har sai abin ya ishe ka sannan ya dawo yana ba ka dariya, ko ya kama dambe da ƙaton zakaran nan su rushe rabin gari. In ya dace yana kashe mutum da dariya, wannan ba musu. Matsalar ita ce za ka iya cire barkwancin daga wannan kashi ka liƙa a wancan ba wanda zai gane, shi ya sa guntayensa suka fi yawo a TikTok da YouTube fiye da cikakken shirin. Kuma ina jin haushin yadda ake wulaƙanta 'yarsa Meg shekara da shekaru, abin ya daina zama wasa tuntuni. A 2013 ma sun kashe karen gidan Brian mutane suka yi ta kuka da sa hannu a takardun koke, ba a yi wata guda ba suka dawo da shi, ni a ganina neman suna ne kawai.

Shi kuwa South Park na Trey Parker da Matt Stone, tun Agustan 1997 yake a Comedy Central, abin mamakinsa shi ne sun saba haɗa kashi ɗaya cikin kwana 6 kacal, alhali irin su Simpsons sai an kwashe watanni, a rubuta a ɗauki murya a Amurka sannan a tura Koriya ta Kudu a ƙarasa zanen. Wannan saurin ne ya sa a 2008 washegarin zaɓen da Obama ya ci suka fito da labari a kan sakamakon. To amma saurin nan yana da kuɗinsa, labarin da aka gina a kan rigimar wannan makon bayan shekara 5 sai ka kalla ka rasa ma me ake nufi. Sannan ba su da birki, ba shugaban da suka bari ba addinin da suka ƙyale, har ita tashar tasu sai da ta toshe wasu wurare a 2006 da 2010 saboda taɓa abin da Musulmi ba za su lamunta ba, kuma ni ban ga wani gwaninta a cin zarafin abin da mutane ke girmamawa ba. In abokanka suna kiran wannan ɓangaren zurfin tunani ka ce musu ban yarda ba.

TAMBAYA: Malam yarana suna son katun sosai, na ga waɗannan da ake ta magana a kansu, zan iya kunna musu? Daga wata uwa.

AMSA: A'a Hajiya, don Allah kar ki yi. Zane ne amma na manya ne, Family Guy da South Park da Rick and Morty cike suke da batsa da ashar da zubar da jini. Simpsons da Bob's Burgers sun fi sauƙi, su ma sai dai matasa kuma ki fara kalla da kanki tukuna. Ki riƙa duba alamar shekaru da ake sawa a kusurwa, in kin ga TV-14 ko TV-MA ba na ƙanana ba ne.

TAMBAYA: Yallaɓai me ake ciki game da sababbin zango? Na ji wai an ƙara wa su Simpsons shekaru, in da sun lalace kamar yadda ake faɗa ai da ba a ƙara ba ko? Sannan wanne ya kamata in jira? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: 'Yar'uwa kin ji daidai, a Afrilun 2025 Fox ta sanar da ƙarin zango 4 a lokaci guda, Simpsons zai kai na 40, Family Guy na 27, Bob's Burgers na 19, American Dad kuma ya dawo gida Fox daga tashar TBS zai kai na 23. Su Parker da Stone masu South Park ma a Yulin 2025 suka ƙulla yarjejeniyar kusan dala biliyan 1.5 da Paramount ta shekara 5, kashi 50. Rick and Morty an riga an tabbatar masa har zango na 12.

Amma hujjar taki ba ta tsaya ba. Kamfani ba ya sabunta kwantiragi don marubuta sun yi abin kirki, yana yi ne don abin na kawo kuɗi, kuma katun sun fi komai daɗin riƙewa a wajensu tunda jaruman ba sa tsufa a fuska, ga ɗaruruwan tsofaffin kashi da mutane ke kunnawa suna maimaitawa a manhajojin kallo na Hulu da Disney+ suna biyan kuɗin wata, tun ma da Disney ta saye kamfanin da ke shirya su a 2019. Ki tuna shi kansa Family Guy an taɓa soke shi a 2002, cinikin faifan DVD da yawan masu kallon maimaici a tashar Adult Swim ne suka dawo da shi a 2005, ba wani sabon ilhami ba. Futurama ya fi kowa shan wannan, Fox ta ajiye shi a 2003, ya dawo a Comedy Central ya sake tsayawa a 2013 da ƙarshe mai kyau sosai wanda ya isa a bar shi haka, sai Hulu ta sake tono shi a 2023. Ina son Futurama har raina, shiri ne da marubucinsa Ken Keeler mai digirin dakta a lissafi ya zauna ya warware wata ƙa'idar lissafi ta gaske don kawai labarin kashi ɗaya ya tafi daidai a 2010, amma sababbin nan da yawansu bin labaran yayi suke yi, su kirifto da annoba, kamar an ɗumama tuwon jiya, ana ci amma ba kamar da ba.

Wanda ya burge ni a dawowa shi ne King of the Hill na Mike Judge da Greg Daniels, da ya fara a 1997 ya yi zango 13 sannan Hulu ta dawo da shi a Agustan 2025. Dalili kuwa sun yi abin da sauran ke tsoro, sun bar lokaci ya wuce. Hank da matarsa Peggy sun dawo Teksas bayan ya yi shekaru yana aikin gas a Saudiyya ya yi ritaya, sun tarar unguwa ta canja ba su gane kanta ba, ɗansu Bobby ya kai 21 yana dafa abinci a gidan cin abincinsa a Dallas, to kin ga nan take an samu sabon abin faɗa tsakanin uba da ɗa wanda ba a taɓa faɗa ba. Zangonsa na gaba nake jira fiye da na kowa. Sai Bob's Burgers na Loren Bouchard, tun 2011 bai cika hayaniya ba amma da wuya ki ga kashin da ya zube ƙasa warwas, kuma iyali ne da suke son junansu da gaske duk da talaucinsu, har ya ci kyautar Emmy a 2014 da 2017.

Shi Rick and Morty mutane sun yi ta cewa ya ƙare bayan Adult Swim ta raba gari da Justin Roiland, mai yin muryar Rick da ta Morty, a Janairun 2023, aka ɗauko Ian Cardoni da Harry Belden suka karɓi muryoyin daga zango na 7, to ni dai bayan kashi biyu zuwa uku kunnena ya saba, damuwata da shi a rubutu take, wani lokacin wayon ya yi yawa har a manta da ba mutum dariya. Ki ba kowane sabon zango kashi 3 ko 4 kafin ki yanke hukunci, na farko sau da yawa ba shi ne mafi kyau ba.

TAMBAYA: Malam akwai wanda ya ƙare da mutuncinsa kuwa ba a ja shi ba? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Akwai, BoJack Horseman na Netflix, daga 2014 zuwa 2020, zango 6 aka rufe. Sai dai ka sani yana farawa ne kamar wasa amma maganar shaye-shaye da ciwon damuwa ce a cikinsa, kuma rabin farko na zangon farko yana da ɗan sanyi, ka daure ka wuce shi. Shi ma na manya ne, kar ka kunna a gaban ƙannenka.

Masu tambaya a kan katun ɗin Japan ku yi haƙuri, saƙonninku suna nan na ajiye, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.